TAƘAITACCEN TARIHIN RAYUWAR DOKTA ALBERT HELSER (1897–1969), BAWAN ALLAH A TSAKANIN KUTARE

GABATARWA

Yau ikilisiyarmu tana murnar cika shekara hamsin. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kiyaye mu har yau.

A rana irin ta yau ya dace mu tuna da waɗanda suka share gonar da muke girbi a ciki. Mun zaɓi mu kawo muku tarihin wani mutum wanda bai taɓa zama faston wannan ikilisiya ba, gama ya rasu tun ba a kafa ta ba. Amma aikinsa ya shafi ƙasarmu ƙwarai, domin yana cikin waɗanda Allah ya yi amfani da su wajen buɗe ƙofar hidima a Lardin Sakkwato, wanda Gusau da Tsafe da Bunguɗu suke cikinsa a zamanin Turawa, tun kafin a kafa Jihar Zamfara a 1996. Ƙofar kuwa ita ce jinyar masu ciwon da kowa yake gudu, wato kuturta.

HAIHUWARSA DA KIRANSA

An haifi Albert David Helser a shekara ta 1897 a wani ƙaramin gari mai suna Thornville, cikin Jihar Ohio ta ƙasar Amurka. Ya tashi cikin Ikilisiyar 'Yan'uwa, ikilisiya mai ƙin yaƙi, mai ɗaukar yi wa maƙwabci hidima kamar wani sashe na sujada. Yana saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya aka yi babbar annobar mura ta 1918, wadda ta kashe miliyoyin mutane a duniya, ta kuma shigo Nijeriya ta bakin teku, ta bi hanyar jirgin ƙasa har ta kai Arewa.

Da ya ji kiran Ubangiji zuwa Afirka, sai ya yi shiri. A ƙarshen shekara ta 1922 ya sauka a Ikko tare da abokin aikinsa Stover Kulp. Sun yi doguwar tafiya zuwa arewa maso gabas, zuwa ƙasar Bura. Hukuma ba ta yarda su zauna a Biu ba, sai a Garkiɗa. A can ne, ranar 17 ga Maris, 1923, suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya. Daga wannan ƙaramin taro ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta tsiro, har yanzu kuwa 'yan'uwanmu na EYN suna tunawa da wannan rana kowace shekara. Matarsa Lola ta zo ta same shi, suka ci gaba da aikin tare.

A Garkiɗa yawancin aikinsa koyarwa ne. Ya koyi harshen Bura, ya kafa makaranta, ya tattara tatsuniyoyi da karin magana na mutanen wurin domin yara su yi karatu da abin da suka sani. A kan wannan aiki ne ya sami digirin dokta a Jami'ar Columbia ta Amurka a 1934. Ya kamata mu lura da wannan: doktan ilimi ne, ba likitan asibiti ba. Amma a Garkiɗa aka buɗe mazaunin jinyar kutare a 1929, a nan ne kuwa ya ga wahalar waɗannan bayin Allah da idonsa, ya kuma ga yadda mutum yakan canja idan ya sami wanda zai wanke masa miki ba tare da ƙyama ba.

HALIN DA KUTARE SUKE CIKI

Yaranmu na yau ba su san yadda tsoron kuturta yake a dā ba. Ciwo ne mai cin mutum a hankali, shekara da shekaru. Yakan fara da tabo a fata wanda ba ya jin zafi, sa'an nan ya kashe jijiyoyi, har mutum ya taka ƙaya ko ya ɗauki tukunya mai zafi bai sani ba. Miki ya zo, ya ruɓe, yatsu su gajarce, ido ya lalace. Tun 1873 wani likita ɗan ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar, amma magani mai warkarwa bai samu ba sai bayan shekaru saba'in da wani abu. Mutane da yawa suna ɗauka gado ne, waɗansu su ce sammu, waɗansu su ce hukuncin Allah. Aure yakan mutu saboda shi, manomi ya kasa riƙe fartanya, a ƙarshe sai bara a bakin kasuwa. Arewacin Nijeriya kuwa yana cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya a lokacin.

ƘOFA TA BUƊE

A zamanin nan Gwamnatin Turawa ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin ƙasashen sarakunan Musulmi. Mishan ta CMS tana Zariya tun 1905, akwai kuma Kiristoci 'yan kudu da suka biyo hanyar jirgin ƙasa wadda ta ratsa Tsafe da Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929, suna sujada a unguwanninsu. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Duk da haka yawancin ƙasar Kano, Katsina da Sakkwato a rufe take ga 'yan mishan.

A 1936 Helser ya bar mishan ta 'Yan'uwa ya shiga SIM, wadda aka kafa a 1893, wadda kuma ECWA ta fito daga cikinta a 1954. A daidai wannan lokaci ne hukumomin En'e suke neman wanda zai riƙe musu wuraren jinyar kutare, gama aikin ya fi ƙarfin ma'aikatan da suke da su. Aka yi yarjejeniya, daga 1937 SIM ta karɓi manyan wurare uku: Yadakunya a ƙasar Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Babbar Ruga a ƙasar Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, da Amanawa kusa da Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Helser ne aka ɗora wa nauyin jagorancin wannan aiki.

En'e ta ba da fili da taimakon kuɗi, mishan ta kawo likitoci da ma'aikatan jinya, ƙungiyoyin taimakon kutare na Ingila da Amurka suka tallafa. Akwai sharaɗi cewa ba za a tilasta wa majinyaci sauraron wa'azi ba, an kuma sa iyaka a kan koya wa yara addini. Ya kamata mu faɗi gaskiya cewa sarakunan nan Musulmi sun cancanci yabo, domin sun sa lafiyar talakawansu a gaba, sun amince wa mutanen wani addini su yi jinyar jama'arsu.

AIKIN DA YA YI

Da yake shi ba likita ba ne, aikinsa shi ne shiryawa, nemo ma'aikata, da nemo kuɗi. Ya yi ta kai da kawowa tsakanin Kano, Katsina da Sakkwato. Ya rubuta littattafai, ya zaga ikilisiyoyin Amurka da Kanada yana roƙon likitoci da masu jinya su zo. Allah ya ba shi baiwar magana, mutane da yawa kuwa sun amsa kira ta bakinsa.

Mazaunin kutare kamar gari yake. Akwai ɗakin shan magani, gonaki, makaranta, wurin koyon sana'a, da wurin sujada. Majinyaci mai sauran ƙarfi yakan yi noma, ya ci daga guminsa, mutuncinsa ya dawo. Mai ciwo daga Tsafe da ya nufi Amanawa sai ya ratsa Gusau, Bunguɗu, Maru da Talatar Mafara, tafiyar kwanaki ga mai miki a ƙafa. Maganin da ake da shi a lokacin shi ne allurar man wani itace na ƙasar Indiya da ake kira chaulmoogra. Allura ce mai zafi, ana yin ta a kai a kai har shekaru, waɗansu su sami sauƙi, da yawa kuwa ba su warke ba. Ma'aikatan nan sun yi fiye da shekara goma suna wanke miki, suna ɗaure ƙafafu, suna binne matattu, ba su da tabbacin warkarwa a hannunsu.

Sauƙi ya zo wajen 1950, sa'ad da binciken da Dokta John Lowe ya yi a Uzuakoli, a gabashin Nijeriya, ya nuna cewa ƙwayar dafson mai araha tana kashe cutar idan an daɗe ana sha. Daga nan aka buɗe ƙananan ɗakunan shan magani a garuruwa da ƙauyuka a faɗin Arewa, mutum ya karɓi magani yana zaune a gidansa. Ta ƙofar da aikin kutare ya buɗe, waɗansu ayyuka suka biyo baya, kamar Asibitin Ido na Kano a 1943, da Asibitin Galmi a ƙasar Nijar a 1950.

Ba za mu ɓoye ba, aikin yana da nasa rauni. Bisa ga sanin wancan zamani, akan raba jarirai da iyayensu mata masu ciwo domin kada su kamu, abin da ya jawo hawaye mai yawa. An kuma sha samun saɓani tsakanin mishan da hukuma a kan maganar wa'azi. Yawancin majinyata sun zo suna Musulmi sun koma suna Musulmi, an kuwa yi musu jinya daidai da kowa. Waɗansu sun ba da gaskiya, suka koyi karatun boko da aikin ba da magani, suka koma garuruwansu. Waɗannan tsofaffin majinyata, masu guntayen yatsu, su ne suka zama masu bishara da malaman asibiti na farko a wurare da yawa na ƙasar Hausa. Ba a buga sunayensu a littattafai kamar na Helser ba, amma Ubangiji ya san su.

ƘARSHEN RAYUWARSA

A 1957 aka naɗa shi Babban Darakta na SIM duka, bayan Guy Playfair. Ya riƙe wannan matsayi har 1962, wato shi ne shugaba sa'ad da Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960. Ya huta da aikinsa a ƙasar Amurka a 1969, yana da shekara saba'in da biyu. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin kutare daga hannun mishan. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, wanda yake warkar da kuturta cikin wata shida ko shekara ɗaya, tun 1995 kuwa kyauta ake ba da shi. A 1998 Nijeriya ta kai matsayin ƙasa da mutum ɗaya cikin dubu goma, ko da yake har yanzu ana samun sababbin masu kamuwa kowace shekara.

ABIN DA ZA MU KOYA

Helser bai ƙago wani sabon abu ba. Ubangijinmu ne ya fara, sa'ad da ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, kamar yadda muke karantawa a Markus 1:40-42. A Luka 17 ya warkar da kutare goma, ɗaya kaɗai ya dawo ya yi godiya, amma bai janye warkarwar sauran tara ba. Ikilisiya ta farko ta bi wannan sawu. Wajen shekara ta 250, annoba ta auka wa birnin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, mutane suna jefar da marasa lafiya a titi. Bishop Kifriyanus ya tara masu bi, ya gargaɗe su su yi jinyar kowa, har da masu tsananta musu. Shi kansa an kashe shi saboda bangaskiya a 258.

Mu ma mun ga annoba da idonmu. Mun ga sanƙarau na 1996 wanda ya kashe mutum fiye da dubu goma sha ɗaya a ƙasar nan. Mun ga ya dawo a 2017, Zamfara ce kuwa ta fi kowace jiha shan wahala. Mun ga amai da gudawa a damina dabam dabam. Mun ga korona a 2020, sa'ad da aka taƙaita taruwa, aka kuma mai da asibitin Amanawa ɗin nan wurin keɓe masu ciwon. Wata za ta sāke zuwa, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Saboda haka muna roƙonku, 'yan'uwa, mu riƙe abubuwa huɗu.

Na ɗaya, kada mu ce ciwon wani hukuncin zunubinsa ne. Ubangiji ya amsa wannan a Yohanna sura 9.

Na biyu, addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Mu kai marar lafiya asibiti da wuri, mu kai yaranmu allurar rigakafi, mu bi dokar ma'aikatan lafiya. Wanda ya ga tabo a jikinsa da ba ya jin taɓawa, ya je a duba shi, gama kuturta tana warkewa sarai, idan an fara magani da wuri kuwa ba ta barin naƙasa.

Na uku, kada mu tambayi addinin mai ciwo kafin mu taimake shi, kada kuma mu mai da taimako abin ciniki. Maƙwabcinmu maƙwabcinmu ne.

Na huɗu, kowa yana da abin yi. Mutumin da muka ba da tarihinsa malamin makaranta ne. Mai mashin zai iya kai majinyaci asibiti, Zumuntar Mata za ta iya kai kunu da ruwa mai tsabta, matasa za su iya nome gonar gwauruwa.

KAMMALAWA

Iyayenmu sun bar mana suna mai kyau a ƙasar nan, sunan mutanen da ba sa gudun mai ciwo. Addu'armu ita ce, sa'ad da jikokinmu za su taru domin bikin shekara ɗari, su iske ba mu zubar da wannan suna ba. Ubangiji ya ba mu zuciyar jinƙai, ya warkar da marasa lafiyarmu, ya ba Jihar Zamfara da Nijeriya duka salama. Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi ya kasance tare da ku duka. Amin.