Hamza Zayyad, Wazirin Katsina da ya sayar wa talakawa hannun jarin gwamnati

An haifi marigayi Dakta Hamza Zayyad a birnin Katsina a shekarar 1937. Ya ƙware a aikin akanta tun lokacin da masu wannan ilimi a Arewa ba su da yawa. Ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, daga baya ya shugabanci NNDC a Kaduna, wato kamfanin zuba jari na jihohin Arewa.

Aikin da ya fito da sunansa a faɗin ƙasa ya zo ne a 1988, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Doka ta 25, ta naɗa shi shugaban kwamitin TCPC mai sayar da kamfanonin gwamnati. Kamfanoni 111 aka ware domin sayarwa. Kafin a mayar da kwamitin hukumar BPE a 1993, an kammala 88 daga ciki.

Abin tsoro a Arewa shi ne kada attajiran Legas, waɗanda suka daɗe da sanin kasuwar hannun jari, su saye komai. Ɗan kasuwar Daura ko Mai'aduwa ya fi yarda da buhun gero da garken shanu, dukiyar da ido ke gani, a kan takardar shaidar jari. Zayyad ya fahimci wannan. Kwamitinsa ya bi hanyar tallata hannun jarin ga jama'a, ya ware wa kowace jiha kasonta, har da Jihar Katsina da aka ƙirƙiro a 1987, ya kuma fifita masu neman kaɗan a kan masu neman da yawa. Ta haka malaman makaranta da ƙananan ma'aikata suka mallaki jari a kamfanoni irin su African Petroleum da bankuna irin su Union Bank.

Masu suka sun ce an sayar da dukiyar ƙasa a daidai lokacin da tsarin SAP ya karya darajar naira, kuma sukar tana da tushe. Sai dai idan aka dubi yadda aka miƙa wasu kamfanonin ga manyan masu jari bayan 1999, tsarin Zayyad ya fi kusa da adalci.

Ya riƙe sarautar Wazirin Katsina har rasuwarsa a 2002.