Nikolai Vavilov: Masanin da ya yaƙi yunwa, yunwa ta kashe shi a kurkuku

Masana na ƙoƙarin sauya ƙwayoyin halittar shuke-shuke a yau domin ganye ya ƙara ƙwarewa wajen mayar da hasken rana abinci, ya kuma rage shan ruwa. Wannan aiki ya dogara ne da ilimin gadon halitta da rumbunan adana iri, kuma Nikolai Vavilov na cikin waɗanda suka aza harsashinsu.

An haife shi a birnin Mosko na Rasha a shekarar 1887. Ya karanci aikin gona, sannan ya ƙaro ilimi a Ingila a wajen William Bateson. Ya yi imanin cewa juriyar fari da ta cuta tana ɓoye a cikin irin da manoma suka gada daga kakanni. Wannan ya sa ya ratsa Iran da Afganistan da Habasha da Kudancin Amurka yana tattara iri, har cibiyarsa ta Leningrad ta tara samfuri sama da 200,000.

Matsalarsa ta taso ne daga siyasa. Trofim Lysenko, wanda ya ƙaryata ilimin gadon halitta, ya yi wa gwamnatin Stalin alƙawarin yabanya mai yawa cikin gaggawa. Vavilov kuwa ya dage cewa inganta iri aiki ne na shekaru. Mahukunta suka zaɓi mai daɗin baki. A watan Agustan 1940 aka kama Vavilov yana tsaka da neman iri a Yukren, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 20. Yunwa ta yi ajalinsa a kurkukun Saratov a watan Janairun 1943.

A daidai lokacin, sojojin Jamus sun yi wa Leningrad ƙawanya. Wasu ma'aikatan cibiyarsa sun mutu da yunwa suna gadin shinkafa da gyaɗa da dankali, ba su taɓa su ba, domin na baya su samu abin shukawa.

A 1955 hukumomin Tarayyar Sobiyet suka wanke shi daga laifi. Aƙidar Lysenko ta rushe bayan ta gurgunta binciken noma na tsawon shekaru, cibiyar kuwa tana nan a birnin da ake kira Saint Petersburg yanzu, tana ɗauke da sunan Vavilov.