ARTHUR COTTON, INJINIYAN DA YA YI YAƘI DA YUNWA

A gabashin ƙasar Indiya, inda kogin Godabari ya ke shiga teku, wanda ya bi ƙauyuka zai riƙa gamuwa da mutum-mutumin wani Bature, wani wuri a tsaye, wani wuri bisa doki. Indiya ta sami mulkin kanta a shekara ta 1947, aka kawar da siffofin manyan Turawan mulki da yawa daga dandalin birane, amma na wannan mutum sai ƙaruwa suka yi. Bai taɓa yin gwamna ba. Injiniya ne mai aikin ruwa, sunansa Arthur Cotton. Ga labarinsa.

An haife shi a Ingila ran 15 ga watan Mayu, 1803, shi ne ɗa namiji na goma a gidan ubansa. Yana da shekara 15 aka sa shi makarantar soja ta Addiscombe, inda ya koyi aikin injiniya. A shekara ta 1821 ya sauka a Madras, birnin da a ke kira Chennai yanzu. A zamanin nan wani kamfanin ciniki na Ingila ne ya ke mulkin yawancin Indiya, yana da sojansa, yana karɓar haraji. Ɗaya daga cikin ayyukan da aka fara ba saurayin shi ne duba tafkunan da mutanen ƙasar suka gina tun kaka da kakanni domin ban ruwa. Ya tarar da yawansu sun lalace, gama masu mulki sun fi kula da karɓar haraji bisa kan gyara.

Daga 1824 zuwa 1826 ya yi yaƙi a ƙasar Barma. Da ya ke komowa cikin jirgin ruwa, wata rana da dare ya zauna yana duban taurari, tunanin wanda ya halicce su ya kama shi. Ya nemi Littafi Mai Tsarki ya soma karatu. Tun daga lokacin nan ya ɗauki aikinsa amana ce wadda za a tambaye shi lissafinta.

Babban aikinsa na fari a kogin Kaberi ya yi shi. Kogin nan ya kan rabu biyu kafin ya kai teku. Reshe ɗaya ya fi gangara, yana kwashe yawancin ruwan zuwa teku a banza. Ɗaya reshen kuwa, wanda gonakin shinkafa na ƙasar Tanjo su ke dogara gare shi, rairayi yana ta cike shi. Maganin abin shi ne a gina katanga a ƙetare reshen farko. Amma ƙasan kogin duk rairayi ne mai zurfi, babu dutsen da za a kafa tushe a kai, injiniyoyin Turai kuwa ba su saba da irin wannan gini ba.

Cotton bai rena mutanen ƙasar ba. A kan kogin nan akwai wata tsohuwar madatsa ta duwatsu, Kallanai, wadda wani sarki mai suna Karikala ya gina shekaru aru-aru kafin zuwan Turawa, tana nan kuwa tana aiki har wa yau. Cotton ya duba ta da kyau, ya zauna da magina na ƙasar ya koyi dabararsu. Su kan gina zobe na tubali kamar bakin rijiya, mahaƙa su shiga ciki suna kwashe rairayi, zoben yana nutsewa da nauyinsa, ana ƙara gini daga sama, har ya kai zurfin da a ke so. In an jera irin waɗannan rijiyoyi kusa da juna aka cike su, sai su zama tushe. Da haka ya gama madatsarsa a shekara ta 1836, ƙasar Tanjo ta yi albarka. Duk tsawon ransa bai ɓoye inda ya koyo dabarar ba. Ya rubuta a fili cewa daga maginan Indiya ya same ta. Mai gaskiya ba ya cin ladan gumin wani.

Can arewa da Madras kuwa, a bakin Godabari, mutane suna cikin wahala. Kogin nan shi ne na biyu a tsawo cikin Indiya, wajen mil 900. Da damina ya kan yi ambaliya ya share gonaki, da rani kuwa ruwan ya kan janye can ƙasa, gonaki suna ƙonewa manomi yana kallon kogi. A shekara ta 1833 aka yi yunwa mai tsanani a yankin. Mutane suka mutu a kan hanyoyi, waɗansu suka sayar da 'ya'yansu, waɗansu suka yi ƙaura. Jama'a ta ragu, haraji kuma ya ragu. Raguwar harajin ce ta fi ta da hankalin kamfanin, aka aiki Cotton ya dubo.

Ya tafi a shekara ta 1844, ba shi da isasshiyar lafiya, ba shi da mataimaka da yawa. Ya bi bakin kogin bisa doki yana awo. Cikin takardar da ya rubuta wa shugabanninsa bai tsaya ga lissafin kuɗi kaɗai ba. Ya nuna musu cewa wanda ya ke karɓar haraji a hannun talakawa, alhakin ransu yana wuyansa, ba daidai ba ne kuwa a bar mutane su mutu da yunwa ga ruwa yana wucewa a gabansu. Ya kuma nuna musu kuɗin da za a kashe zai komo. Aka yarda, aka soma aiki a shekara ta 1847 a Dawaleswaram, kusa da birnin Rajamandiri.

A wurin nan faɗin kogin ya kusa mil 4, da tsibirai a tsakiya. Aka raba katangar kashi huɗu tsakanin tsibiran, tsawonta duka ya fi mil 2, tsayinta ƙafa 12. Ba a gina ta domin ta riƙe ruwan damina ba, gama ambaliya ta kan bi ta kanta ta wuce. Amfaninta shi ne ta ɗaga ruwan rani har ya kai bakin manyan magudanai da aka haƙa, daga nan ya rarrabu cikin ƙanana har gonaki. Aka yi ƙofofi a gindin katangar domin wanke rairayi, aka kuma yi magudanan da faɗi yadda jiragen ruwa za su bi su kai amfanin gona kasuwa.

Ma'aikata wajen 10,000 suka taru a wurin, da masassaƙa da maƙera. Aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa domin ɗauko duwatsu. Ba a iya aiki cikin kogin sai da rani, saboda haka kowace shekara tsere a ke yi da damina, ambaliya kuwa ta yi wa ginin ɓarna tun ba a gama ba. Cotton da iyalinsa suna zaune a bakin aikin, a nan wata ƙaramar 'yarsa ta rasu. A shekara ta 1848 ciwo ya kā da shi, ya tafi Ostareliya jinya, ya bar aikin a hannun Kyaftin Charles Orr. Da ya sami sauƙi ya komo, aka gama a shekara ta 1852. Bayan wannan Orr ya gina irinta a kogin Kirishna bisa ga shirin Cotton, ya gama a 1855. Ƙasar da a dā ake gudunta ta zama rumbun shinkafa, waɗanda suka yi ƙaura suka komo.

Amma kada mai karatu ya zaci mutumin nan ba shi da aibi. Nasara ta sa ya amince da ra'ayinsa fiye da kima. Sau da yawa kuɗin da ya kimanta ya kan gaza abin da aikin ya ci. Ya yi jayayya mai zafi da Proby Cautley, wanda ya haƙa babbar magudanar kogin Ganjis. Da shawararsa kuma wani kamfani ya haƙa magudana daga Kurnul zuwa Kadapa. Ƙasar wurin baƙar laka ce mai riƙe laima, manoma suna shuka dawa, ba su bukatar sayen ruwa sai shekarar fari. Aikin ya ci kuɗi mai yawa bai biya ba, har gwamnati ta saye shi a shekara ta 1882. A Kaberi Cotton ya saurari mutanen ƙasa ya ci nasara. A Kurnul an lissafta ruwa, ba a lissafta bukatar manomi ba. Abin da ya yi kyau a wannan ƙasa ba lalle ya yi kyau a waccan ba, injiniya kuwa in ya yi kuskure, waɗansu ne su ke biya.

Ya bar aikin gwamnati a Indiya a shekara ta 1860, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1861, ya zauna a garin Dorking a Ingila. Da ya ga dama da ya huta, amma nisa bai sa ya ga alhakin mutanen Indiya ya sauka daga kansa ba. Daga 1876 zuwa 1878 aka yi babbar yunwa a kudancin Indiya, mutum fiye da miliyan 5 suka mutu. Bakin Godabari kuwa bai rasa abinci ba, har ana ɗibar hatsi daga can zuwa inda a ke yunwa. Tsohon ya tashi yana rubutu, yana jawabi a taro, yana tuhumar gwamnati cewa ta zuba kuɗi mai yawa cikin hanyar jirgin ƙasa ta bar aikin ruwa a baya. Florence Nightingale, shahararriyar mai jinyar nan, ta goyi bayansa.

A shekara ta 1878 ya tsaya gaban wani kwamiti na Majalisar Ingila, yana da shekara 75, ya ba da shaida. Ya kawo shirin haɗa kogunan Indiya da magudanai. Kwamitin bai karɓa ba. A wani gefe suna da gaskiya, gama shirin ya cika girma, jirgin ƙasa kuma ya taimaka wajen kai hatsi lokacin yunwa. Amma jirgi ba ya ɗaukar hatsin da ba a noma ba. Bayan yunwa ta sāke aukuwa a ƙarshen ƙarnin, gwamnati ta kafa hukumar binciken aikin ban ruwa a shekara ta 1901, ta ƙara himma a kansa. Cotton bai ga wannan ba. Ya rasu ran 24 ga watan Yuli, 1899, yana da shekara 96.

Ginin mutum ba ya dawwama. Madatsar Kirishna ta fashe a shekara ta 1952, aka gina sabuwa. Ta Godabari ta yi aiki fiye da shekara 100, sa'an nan injiniyoyin Indiya suka gina wata a madadinta, aka gama a 1982, aka sa mata sunan Cotton. Magudanan da ya shata har yanzu suna kai ruwa gonaki, manoman wurin kuma su kan tuna da ranar haihuwarsa kowace shekara.

Cikin masu karanta wannan labari akwai magina, da masu awo, da 'yan makaranta masu marmarin zama injiniyoyi. Ku lura da abin da ran mutumin nan ya ke koya mana. Wanda ya gina gada ko madatsa ko ɗakin makaranta, ran mutanen da bai taɓa gani ba yana hannunsa, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Wajibi ne ya san aikinsa sarai, ya koya daga wanda ya fi shi sani ko da talaka ne, ya faɗa wa shugabansa gaskiya ko ba ta yi masa daɗi ba, ya kuma tambayi waɗanda za a yi aikin dominsu tun ba a sa harsashi ba. Inda Cotton ya kiyaye waɗannan, jikokin mayunwata suna cin shinkafa har yau. Inda ya yi sakaci da ɗaya daga cikinsu, magudana ta cika da ruwa, gonaki kuwa ba su sha ba.