Ferdinand Barbedienne: ɗan manomin da ya zama sarkin tagulla a Faransa

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani Bafaranshe da fataucinsa ya cancanci ƴan kasuwarmu na Tasawa da Mayahi su sani.

An haifi Ferdinand Barbedienne a 1810 a yankin Normandi, a gidan ƙaramin manomi. Ya tafi birnin Paris yana yaro, ya fara da sayar da takardar ado ta bangon ɗaki.

A lokacin attajiran Faransa sun koma son adon zamanin Ranesansi, wato salon gwanayen Italiya na ƙarni na 15 da na 16, mai ganyaye da furanni da siffofin mutane. Amma kayan asali suna cikin fadoji da coci-coci, ba na sayarwa ba ne.

A 1838 sai ya haɗa jari da Achille Collas, wanda ya ƙirƙiro wata na'ura mai kwafe babban sassaƙa ta mayar da shi ƙarami ba tare da siffarsa ta ɓaci ba. Suka riƙa zuba ƙananan da tagulla suna sayarwa. Dabarar da matanmu suka sani ce: wanda bai iya sayen buhu, a auna masa tiya.

A baje-kolin duniya na Landan, a 1851, ya nuna ƙaramin kwafin ƙofofin tagulla da Ghiberti ya ƙera a birnin Fulorans, ya samu lambar yabo. Bayan rasuwar Collas a 1859 masana'antar ta zama tasa shi kaɗai, da ma'aikata wajen 300. A yaƙin 1870 kasuwar ado ta tsaya, sai ya koma zuba igwa, bai rufe ba. A 1878 ya fito da wani ƙaton agogo mai wannan salo a baje-kolin Paris.

Ya rasu a 1892, amma masana'antar ta ci gaba har 1954. Sunansa da ake bugawa jikin kaya shi ne har yau ke ɗaga farashinsu wurin gwanjo.

Mu ma muna da maƙeran fari masu yin munduwa da zobe da kayan doki, ga kayan waje masu araha na neman kashe musu kasuwa. Ya kamata masu jari su haɗa kai da su, a sa wa kowane aiki alamar mai shi, mai saye ya san hannun wa ya biya.