Cornelia Sorabji: Lauyar Matan Kulle

Karatun yau: Karin Magana 31:8-9

An haifi Cornelia Sorabji ranar 15 ga Nuwamba, 1866, a Nashik da ke yammacin Indiya. Mahaifinta, Sorabji Karsedji, ɗan kabilar Farsi ne wanda ya karɓi Almasihu, ya kuma zama fasto. Mahaifiyarta, Francina, ta buɗe makarantun 'yan mata a birnin Poona. Mata masu damuwa sukan zo wurin Francina neman shawara a kan gado da dukiya. Cornelia ta taso tana jin kukansu.

A wancan zamani auren Hindu, musamman a manyan gidaje, ba shi da saki. Mace ta shiga ke nan har mutuwa. Idan miji ya rasu, gwauruwa ba ta mallakar dukiyarsa kai tsaye. In babu ɗa namiji, takan ci moriyarta muddin ranta, daga baya dukiyar ta koma ga dangin miji. Matan sarakuna da na masu manyan filaye kuwa suna cikin kulle mai tsanani, babu namijin waje da zai ga fuskarsu. Lauyoyi kuma duk maza ne. Saboda haka mace takan sa hannu a takarda daga bayan labule, ba ta san abin da ke ciki ba. Ta haka wakilai da dangin miji suka cinye gadon marayu da yawa.

Cornelia ta ƙudura za ta koyi shari'a domin waɗannan mata. Ita ce mace ta farko da ta sami digiri a Jami'ar Bombay. Ta cancanci tallafin gwamnati na karatu a Ingila, amma aka hana ta don ita mace ce. Waɗansu mutanen kirki, har da Florence Nightingale, suka haɗa mata kuɗi. Ta shiga Oxford a 1889, ta zauna jarrabawar shari'a a 1892, mace ta farko da ta yi haka a can. Duk da haka ba a ba ta digirin ba, domin jami'ar ba ta fara ba mata digiri ba sai 1920.

Ta koma gida a 1894. Nan ma ƙofar kotu a rufe take. Ta ci jarrabawar lauyoyi ta babbar kotun Allahabad a 1899, aka ce doka ba ta san mace lauya ba. Wani da ya haƙura ya nemi wata sana'a. Ita kuwa ta yi ta rubuta wa gwamnati, tana roƙo a naɗa mace mai ba matan kulle shawara.

A 1904 aka naɗa ta a ofishin gwamnati mai kula da dukiyar marayu da gwauraye a Bengal. Daga baya aikin ya kai Bihar da Orissa da Assam. Ta yi ta tafiya a jirgin ƙasa da kwalekwale, wani lokaci a kan giwa. Takan shiga cikin gida inda lauya namiji ba ya shiga, ta zauna da uwargida, ta karanta mata takarda layi layi. Ta duba lissafin wakilai. Ta tsaya wa uwa a kan riƙon 'ya'yanta da karatunsu, ta kuma kāre ƙananan magada daga masu jiran mutuwarsu. A cikin kusan shekara 20 ta taimaki mata da marayu fiye da 600, galibinsu ba addininta ɗaya da su ba, wani lokaci ma ba ta karɓar ko kwabo.

Sai a 1923 doka ta ba mata izinin aikin lauya a Indiya. Ta fara aiki a babbar kotun Kalkata, ta yi ritaya a 1929. Ba kowa ne ya yabe ta ba, gama ta goyi bayan mulkin Ingila, ta kuma saɓa da tafiyar Gandhi. Ta rasu a Landan ranar 6 ga Yuli, 1954. Shekara guda bayan rasuwarta, a 1955, Indiya ta kafa dokar auren Hindu wadda ta ba mace ikon neman saki a kotu. A 1956 dokokin gado da na riƙon yara suka biyo baya.

Mai karatu, Indiya tana da nisa da Moshi Zongo, amma labarin bai yi nisa ba. Mun san gwauruwar da aka fitar daga gidan mijinta tun ba a share makoki ba. Mun san uwar da aka raba da 'ya'yanta, aka ce ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa. A Ghana akwai dokar gado ta 1985 wadda ta ba matar mamaci da 'ya'yansa kasonsu idan bai bar wasiyya ba. Akwai dokar yara ta 1998 wadda ta sa amfanin yaro a gaba a batun riƙo. Akwai kuma hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta. Amma doka tana cikin littafi. Sai wani ya ɗauke ta ya kai ta ɗakin da ake kuka.

Kai da ka iya karatu, wa za ka karanta wa takarda a wannan mako? Ke da kika san hanyar kotu, wa za ki raka? Karatunmu na yau yana kiranmu mu buɗe baki domin wanda ba shi da bakin magana.

Addu'a: Ya Ubangiji, Uban marayu, mai kāre gwauraye, ka buɗe idanunmu mu ga wanda ake zalunta a bayan labule, ka ba mu ƙarfin hali mu tsaya masa. Amin.