Charles de Foucauld: Sojan Faransa mai son ci da ya ƙare da azumi a hamadar Abzinawa

Daga ranar Larabar Toka, mabiya ɗarikar Katolika a Dogon Dutse da sauran sassan Arewa, har zuwa ɓangaren Ɗan Kassari, kan shiga azumin kwana 40 kafin bikin Ista. Lokaci ne na addu'a, rage ci da bayar da sadaka, don tunawa da kwanakin da Yesu Almasihu ya yi a jeji. Cikin waliyyan cocin, da wuya a samu wanda ya zauna kusa da Nijar ya kuma ɗanɗani wannan zaman jeji kamar Charles de Foucauld.

An haife shi ranar 15 ga Satumban 1858 a Strasbourg ta ƙasar Faransa. Yana ɗan shekara shida iyayensa suka rasu, kakansa ya rene shi. Ya shiga makarantar sojoji ta Saint-Cyr a 1876, inda aka fi saninsa da ƙiba da son abinci. Gadon da ya ci kuwa, shagali ya kwashe rabo mai tsoka.

A 1883 ya ɓad da kama a matsayin Bayahude ya zagaya Maroko kusan shekara guda. A tafiye-tafiyensa ya ga yadda Musulmi ke tsayawa salla ko ina lokaci ya same su, abin ya tsaya masa a rai. A Oktoban 1886 ya koma ga addininsa a hannun Fada Huvelin a birnin Paris. Ya shiga gidan zuhudun Trappist a 1890, ya yi zama a Siriya, daga baya ya zama ɗan aikin wasu sistoci a Nazarat. An naɗa shi fada a 1901, ya nufi Beni Abbes a Aljeriya, sannan a 1905 ya sauka a Tamanrasset cikin Abzinawan Hoggar.

A can abincinsa bai wuce ɗan tuwon hatsi da dabino ba, dare kuma yawanci addu'a ce. Sai fari ya afka wa yankin. Ya raba ɗan tanadin da yake da shi ga maƙwabta, har a farkon 1908 ciwo ya kwantar da shi, ya ɗauka ajali ne. Abzinawan da su kansu yunwa ke ci suka bazama neman awakin da ke da sauran nono, suka riƙa kawo masa har ya miƙe. Mutumin da ya zo da niyyar bayarwa sai ga shi yana rayuwa da sadakar talakawa Musulmi, kuma masu nazarin tarihinsa na kallon wannan jinya a matsayin inda zamansa da su ya sauya. Bai mayar da Ba'abzine ko ɗaya Kirista ba. Ƙarfinsa ya tafi ne wajen tattara waƙoƙinsu da haɗa ƙamus na harshensu da Faransanci, wanda aka buga cikin juzu'i huɗu bayan rasuwarsa.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. Abokin hafsan mulkin mallaka Laperrine ne, yana kuma rubuta wa sojojin Faransa labarin abin da ke gudana a yankin, batun da har yau ake muhawara a kai.

Ranar 1 ga Disamban 1916, wasu mahara masu alaƙa da ƴan Sanusiyya suka kama shi a ƙofar gidansa. Yaron da aka bar wa gadinsa ya firgita da ganin wasu sojoji biyu a kan raƙuma, ya harbe shi. A cikin watan ne kuma Kawusan ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a Agadas.

Fafaroma Francis ya ayyana shi waliyyi ranar 15 ga Mayun 2022 a fadar Vatican.