Fanny Crosby, Makauniyar da Ta Cika Ekklisiya da Waƙa

Karatu: Yohanna 9:1-7, 2 Korintiyawa 12:7-10.

Cikin karatunmu na wannan mako mun ga yadda almajirai suka tarar da mutum wanda aka haifa makaho, suka so su san laifin wane ne, nasa ko na iyayensa. Ubangiji Yesu bai ɗora laifi a kan kowa ba, sai ya juya hankalinsu ga abin da Allah ya ke nufin aikatawa ta wurin mutumin. Wannan makaho ya sami ganin gari a ranar. Amma akwai bayin Allah da yawa waɗanda ba a ɗauke musu nawayarsu ba har ran mutuwarsu. Manzo Bulus kansa sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke cikin jikinsa, aka bar shi da ita, aka ba shi alheri domin ya jimre. Yau za mu duba labarin wata mace wadda ta bi wannan hanya shekara 94.

An haifi Frances Jane Crosby ran 24 ga watan Maris, 1820, a wani ƙauye cikin jihar Niyu Yok ta ƙasar Amurka. Fanny a ke kiranta. Tana da mako shida a duniya sai ciwon ido ya kama ta. Bisa ga labarin da iyalinta suka bayar, likitansu ba ya gari, sai wani mutum ya ɗaura mata magani mai zafi a idanu, daga nan ba ta ƙara gani ba. Waɗansu likitoci na zamaninmu suna tsammani da makantar aka haife ta. Ko ta yaya dai, ita ta girma tana ɗauka kuskuren mutumin nan ne ya makantar da ita, duk da haka ta shaida ba ta taɓa riƙe shi a zuci ba.

Kafin ta cika shekara guda ubanta ya rasu. Uwarta, Mercy, ta fita aikatau domin su sami abinci, renon yarinyar kuwa ya koma hannun kakarta, Eunice. Sa'ad da ta kai shekara biyar maƙwabta suka tara kuɗi aka kai ta birnin Niyu Yok wurin wani babban likita, Valentine Mott. Ya duba ta, ya ce babu magani.

A nan ya kamata mu lura da aikin kakar nan. Ba ta ajiye yarinyar a kusurwar ɗaki tana jin tausayinta ba. Ta kan fita da ita, ta sa mata ganye da furanni a hannu, ta koya mata sunayensu, ta bayyana mata kamannin tsuntsaye da faɗuwar rana. Ta kan kuma karanta mata Littafi Mai Tsarki, ta koya mata addu'a. Da Fanny ta kai shekara takwas ta tsara waƙarta ta fari, abin da ke cikinta kuwa shi ne ta ƙudura za ta zauna da farin ciki, ba za ta yi kuka saboda makanta ba. Daga baya suka koma garin Ridgefield, inda matar da suka zauna a gidanta, Uwargida Hawley, ta sa ta haddace surori biyar kowane mako. Kafin ta cika shekara 15 ta haddace littattafai biyar na Musa, da Bishara huɗu, da Misalai, da Waƙar Waƙoƙi, da Zabura masu yawa. Daga cikin wannan rumbu ta yi ta ɗiba dukan kwanakinta.

A shekara ta 1835 ta shiga makarantar makafi ta birnin Niyu Yok. Ta yi shekara 23 a can, da fari ɗaliba, daga baya malama mai koyar da nahawu da tarihi. A 1844 aka buga littafin waƙoƙinta na fari, a shekarar kuma ta tsaya gaban majalisar dokokin ƙasar a Washinton ta karanta waƙa, domin shugabanni su ga makafi ma suna iya ilimi. Wani saurayi mai aiki a makarantar, Grover Cleveland, ya kan rubuta mata waƙoƙin da ta ke faɗa. Shi ne ya zama shugaban Amurka a 1885.

A 1849 annobar kwalara ta faɗa wa birnin. Mutane da yawa suka gudu, amma Fanny ta zauna tana jinyar marasa lafiya a makarantar, waɗansu ɗalibai kuwa suka mutu. Wannan ya girgiza ta ƙwarai. Ta san Littafi Mai Tsarki da ka, tana da suna, mutane suna yabonta, amma ta tambayi kanta ko a shirye ta ke ta sadu da Allah. Cikin watan Nuwamba na 1850, a wani taron farkawa na ekklisiyar Methodist, ta durƙusa ta miƙa kanta duka ga Kristi, ta sami salama. Mu lura fa, haddar Littafi da halin fara'a ba su ishe ta ba sai da ta san Mai Ceto da kanta.

A 1858 ta auri Alexander van Alstyne, makaho mai kiɗa wanda ta sani tun a makaranta. Shekara ta zagayo suka sami haihuwa, jaririyar kuwa ta mutu ba da daɗewa ba, ba su ƙara samun wani ba. Fanny ba ta cika zancen wannan rashi ba har tsufanta. Daga baya ita da mijin suka yi shekaru da yawa ba su zaune gida ɗaya, ya rasu a 1902. Muna faɗin waɗannan domin kada wani ya yi tsammani farin cikinta na wanda bai ɗanɗana baƙin ciki ba ne.

Tana da shekara 43, a farkon 1864, ta sadu da William Bradbury, mai tsara muryoyin waƙoƙin sujada, ya roƙe ta ta rubuta masa kalmomi. Nan ta gane aikin da Allah ya shirya ta dominsa. Daga lokacin har mutuwarta ta tsara waƙoƙin sujada fiye da 8,000. Da yawansu ya yi yawa sai masu buga littattafai suka riƙa sa musu waɗansu sunaye, kusan 200, kada a ga littafi cike da sunan mutum ɗaya. Ba ta iya rubutu da hannu sosai ba. Ta kan yi addu'a tukuna, ta tsara waƙar cikin zuciyarta, ta riƙe ta har a sami mai rubutawa. Wata rana a 1868 William Doane ya zo mata da sabuwar murya, yana da minti 40 kafin jirgin ƙasa ya tashi. Kafin ya fita ta ba shi waƙa a kan hutun mai bi cikin hannuwan Yesu, wadda ta ta'azantar da iyaye da yawa da suka binne 'ya'yansu. Mai wa'azi D. L. Moody da mawaƙinsa Ira Sankey suka kai waƙoƙinta tarurrukansu a Amurka da Ingila, daga can aka juya su cikin harsuna masu yawa na duniya.

Dala ɗaya ko biyu a kan biya ta a kan kowace waƙa. Ta zauna a ɗakunan haya cikin unguwannin matalauta, abin da ya ragu a hannunta kuwa ta kan bayar. Ta kan tafi gidajen da Kirista suka buɗe domin mashaya da marasa wurin kwana, kamar na unguwar Bowery, ta zauna kusa da su, ta yi musu zancen ƙaunar Allah ba tare da zargi ba. Sa'ad da wani mai wa'azi ya nuna baƙin cikinsa don Allah bai ba ta gani ba, ta amsa masa da cewa da an ba ta zaɓi tun haihuwa, makantar za ta zaɓa, gama fuskar da za ta fara gani ita ce ta Mai Cetonta.

A 1900, bayan ta yi ciwo mai tsanani, ta koma wurin 'yan'uwanta a garin Bridgeport. Ta ci gaba da waƙa da wa'azi gwargwadon ƙarfinta, har ta rasu ran 12 ga watan Fabrairu, 1915. A kan ɗan dutsen kabarinta aka rubuta shaidar da Yesu ya ba matar da ta shafe shi da mai, wadda ke cikin Markus 14:8.

Mu ma muna da makafi da guragu da masu doguwar jinya cikin ekklisiyoyinmu. Sau da yawa mu kan ba su sadaka mu wuce, ba mu tambaya ko wace baiwa Allah ya ajiye a cikinsu ba. A ƙasarmu mishan ta buɗe makarantar yara makafi a Gindiri a 1953, gama an gane makaho yana da abin yi wanda ya fi bara. Fanny ta sami kaka mai haƙuri, da maƙwabta masu bayarwa, da malamai, da masu riƙe mata alƙalami. Wannan aiki yana jiranmu mu ma. Wanda kuma ya ke kwance da ciwo yau, kada ya ce amfaninsa ya ƙare, gama Ubangiji wanda ya ishi Bulus da Fanny yana nan.

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Me ya sa almajirai suka nemi mai laifi, kuma ina mu kan yi irin wannan tunani a yau?

2. Fanny ta gafarta wa mutumin da ta ɗauka shi ya makantar da ita. Akwai wanda mu ke riƙe da shi a zuci?

3. Wane ne cikin ekklisiyarmu ya ke bukatar mu zama masa kamar kaka Eunice, kuma me za mu yi masa cikin wannan mako?